Gurbin Haƙuri

Dakta Bappayo ya ce kowa ya kawo batu uku.
Na kai uku, ya soke uku da jan biro,
bai ko ɗago kai ba.
"An yi wannan bara, an yi bara waccan.
Je ka duba gidanku, ko akwai inda ke ciwo."

A gidanmu na Herwagana
kan Goggo Dudu ne ke ciwo:
mata talatin da biyu, zubi ɗari biyar-biyar,
kwasa ran Juma'a,
lissafin duk a ƙoƙon kanta
da wani littafi da manja ya ci wa gefe.
Na ce zan gina mata manhajar adashi.
Ta ce, "Gina, in dai ba ta cin kuɗi."

Wata huɗu ina bin wuta kamar mai bin bashi.
Batirin kwamfutata, ransa minti goma sha biyar,
sai kwana a shagon cajin Sagir a Tudun Wada,
janareta na tari, sauro na bitar darasi a kunnena.
Babi na ɗaya ya dawo ja.
Na biyu ya dawo ja.
Na uku ya tafi a filashin da aka wanke cikin wandona.

Wasu sun sayi nasu a bakin ƙofar makaranta,
ɗaurarre, da shuɗin bango, har da sadaukarwa ga iyaye.
Na tambayi farashi. Ba zan ɓoye ba, na tambaya.
Kuɗin ne bai kai ba.
Tsoron Allah daga baya ya iso.

Ranar da manhajar ta tsaya da ƙafarta
na shigar da sunaye ɗaya-ɗaya.
Ta karɓi Kulu, ta karɓi Yagana,
ina sa Sa'adatu ta faɗi warwas.
Ɗan waƙafin nan da ke rataye a tsakiyar suna
shi ya kayar da rumbun bayanai gaba ɗaya.
Matar Ɗanjuma kuwa ta koma matar ?anjuma,
kamar na'urar na tambaya, su wa ke nan kuma?
Kwana uku ina koya mata haruffa masu ƙugiya.

Sai na kai wa Goggo.
Ta sa tabarau, ta kawo waya dab da hanci.
"Me ya sa sunan Atine ya yi ja?"
Na ce ta tsallake zubi uku. Doka ce, ni na rubuta.
Ta ajiye wayar a kan tabarma, a hankali.
"Injin markaɗenta ya ƙone tun azumi.
Ni ke zuba mata, ba wanda ya sani.
Kai da ƙarfenka za ku yi mata shela?
Ina ka sa wurin haƙuri?"

Ban sa ba.
Ba ya cikin zanen babi na uku,
ba a kuma taɓa kawo shi a jarrabawa ba.

Saura kwana tara a kare aiki
na warware abin da na saƙa.
Na buɗe sabon gurbi, ƙarami,
wanda uwar adashi kaɗai ke gani.
In ta taɓa shi, ja ya koma kore,
bashin ya koma tsakaninta da zuciyarta.

Ran kariya, cikin aron kwat mai gajeren hannu,
baƙon malami ya nuna allo da bakin biro.
"Wannan gurbin, daga wane bincike ka ɗauko shi?
Wa ka ambata?"
Maƙoshina ya bushe.
Na ce, "Goggo Dudu, Herwagana, bana."
Ɗakin ya kwashe da dariya.
Dakta Bappayo bai yi ba.
Ya rubuta wani abu, kuma na lura biron baƙi ne.

Kwafi huɗu na ɗaure, suna can suna shan ƙura a sashe.
Atine ta gyara inji, ta biya har da goro.
Manhajar na nan a wayar Goggo,
wayar da take haska littafinta da ita da dare.
Ta ce shi bai taɓa ce mata babu caji ba.