Lugude a Bakin Ƙofa

Bakwai da rabi na safe a Sheffield,
sama ta yi launin tokar murhu,
yayyafi na ƙwanƙwasa gilashin taga
kamar baƙon da ke jin nauyin sallama.

Wilfred na tsaye a ƙofar ɗaki na tara,
shekara tamanin da ɗaya,
ƙafafunsa sun kafe kamar an dasa.
Kai ya ce tafi, ƙafa ta ce ban ji ba.
Ciwon karkarwa ne, in ji likita,
ya sallami ɗan makaɗin da ke cikin ka,
mai ce wa dama yanzu, ya ce wa hagu sai ke.

An ba ni wata na'ura kamar gidan ashana,
tik, tak, tik, tak,
ba ta numfashi, ba ta san kowa ba.
Ya harare ta, ya ce a kai ta maƙabarta.
Na kashe, na jefa a aljihu.

To, yaya zan yi da dattijo a bakin ƙofa,
shayinsa na hucewa can ƙarshen baranda?

Sai hannuna ya tuna abin da na manta.
Tsakar gidanmu a Malumfashi,
turmi ɗaya, taɓarya uku,
Kande, Tasalla, da ni autarsu.
Ba mai ƙirga, ba mai cewa ke ce.
Wata na sauka, wata na tashi, wata na rataye a iska,
Kande har ta cilla tata, ta tafa, ta cafe.
Ba mu taɓa gwabzawa ba
sai ranar da na tsaya tunanin hannuna.
Na fasa leɓe, na sha dariya,
Tasalla na goge mini jini da haɓar zane:
ke, mai lugude da kunne take gani.

Na sa tafi a jikin ƙyauren.
Dum.
Na bar gurbi.
Dum.
Na sake barin gurbi,
daidai faɗin taɓaryar da ba ta nan.

Ya ɗago ido. Ya ce, sake.
Ya ce, yarinya, wa ya koya miki ƙira?
Shekara arba'in yana dukan jan ƙarfe
a gidan wuƙaƙe, bakin kogin Don,
shi da wani Horace, guduma biyu, maƙera ɗaya.
Tun da aka binne Horace, in ji shi,
ba wanda ya bar mini wurin bugu.

Sandarsa ta faɗa cikin gurbin.
Ni dum, shi ƙwas.
Ni dum, shi ƙwas.
A na shida diddige ya saki ƙasa,
ban duba ba, na ji ne,
silifa ta ja, ta tsaya, ta ja.
Na koma bugun cinyata, ina tafe da baya,
muka wuce ɗaki na takwas, na bakwai.
Tsohuwa Enid, da ba ta ce uffan ba tun Kirsimeti,
cokalinta na taɓa kofi a kan ƙa'ida.
Taɓarya ta uku ke nan.

Taku talatin da huɗu.
Shayin ya yi sanyi, ya sha a haka,
ya ce na cika gaggawa wajen kwana,
Horace bai taɓa yin haka ba.

Gobe ƙofar za ta sake riƙe shi, na sani,
ba magani na kawo ba.
A gida ma an ce an kife turmin,
inji ke daka, yara ke zama a kai.

Amma da dare, hanyar tashar bas,
wata da ban sani ba na gabana da lema,
takalminta na buga kwalta,
ban ankara ba
ƙafata ta sami gurbin, ta shiga.