Faci

Shekara arba'in da 'yan kai
ina toshe wa mutane jirgi a bakin ruwan Yawuri.
In an kawo mai yoyo ba na tambaya,
sai in kifa shi, in ƙwanƙwasa da ƙotar gizago.
Ruɓaɓɓen katako ba ya iya ɓoye muryarsa.

Tawa ce ta fara dushewa bayan sallar layya.
Ige ta ce sanyin kogi ne.
Aka sha citta, aka sha zuma, aka sha rubutu,
har ranar da na kira Jatau daga wannan gaɓa
bai ko waiwayo ba.

Dakta Lauwali bai yi mini kwana-kwana ba.
Ya ce daji ne, ya ci gidan da sauti ke kwana,
sai an cire shi ɗungurungum.
Ramin da zai bari kuwa ya fi ƙarfin zare,
ga gashin na'ura da aka yi wa wurin bara
ya mai da naman tsohuwar igiyar kaba:
ka ja, ta tsinke.

Na rubuta masa da ajami a bayan katin asibiti:
to da me za ka yi facin?

Ya ɗora yatsa a ƙirjina. Da kai, in ji shi.
Wani a yanko masa fatar dantse, wani ta cinya,
a raba ta da gida gaba ɗaya,
a duƙa kan madubi ana ƙulla jijiya da jijiya
da zaren da ya fi gashin jariri siranta.
Kai jijiyoyin wuyanka sun gaji.
Tsokar nan zan ɗaga da fatarta a kai,
ba zan yaye ta daga uwarta ba.
Zan juya ta, in bi da ita ta ƙarƙashin fata,
in haye ƙashi,
ta je baƙunta tana shan jinin gidansu.

Na gyaɗa kai. Ai ni ma in na rasa katako
allon zama nake ɓamɓarowa in rufe cikin jirgi.
Itace ɗaya ne, ruwa ɗaya suka sha,
ba sa ƙin juna.

Kwana goma sha huɗu kunu na bi ta robar hanci.
Kullum safe a buɗe, a leƙa,
ko yawu ya sato wata hanya.
Ran gwaji suka ba ni farin ruwa mai kauri,
suka tsayar da ni gaban hoto, suka ce haɗiye.
Na san wannan shirun.
Shi nake yi in na tura jirgi ruwa,
na tsugunna ina kallon ƙasansa.

Bai tsattsafo ba.

Yanzu numfashi ta gindin wuya yake shiga,
Ige ta ɗinka wa ƙofar labule da ƙyallen zanenta.
Hannun dama ya daina kai gizago sama da kafaɗa.
Gashin ƙirjina, wai, yana can yana tsiro
inda rana ba ta taɓa leƙawa.
Ƙarnin kifi ma sai dai a ba ni labari.

An hana ni kogi.
Ni da na yi iyo tun ban iya ɗaura wando ba,
cikin tafi guda ya isa ya kai ni.
Sai in zauna kan tudu, ɗan Jatau na aiki,
in buga ƙota sau ɗaya: ya yi.
Sau biyu: sake.

Ana koya mini haɗiye iska in mai da ita magana.
Wata uku gyatsa kawai nake yi, jikoki na dariya.
Jiya da magariba wani abu ya fito,
kamar kwaɗo a cikin tulu,
gaɓa biyu kacal.

Ige tana tankaɗe, ta ba ni baya.
Ta ce, na'am.
Sai daga baya ta saki rariyar.