Mugun da Na Zana

A Cleveland na zana shi, shekara hamsin da ɗoriya,
a ɗakin haya bisa shagon mai gyaran takalma,
sanyi na daskarar da tawada a kwalba.
Ban ba shi ƙaho ba, ban ba shi fiƙa ba.
Ma'aikacin gidan waya ne, siriri, mai ɗan ƙusumbi,
jaka a kafaɗa, hula ta yi masa yawa.
Laifinsa ɗaya tak:
wasiƙar da aka fi jira, ita yake riƙewa.

Uwa na leƙa akwati, ɗanta na bakin daga,
shi kuwa yana tsallaken titi, yana kallo,
hannu a aljihu, a kan takardar.
Ban taɓa zana murmushinsa ba.
Na bar shi a farin filin nan
da ke tsakanin hoto da hoto,
inda yaro mai karatu ke ƙarasa aikin da kansa,
dare ya yi, barci ya gagara.

Jiya Imogen, jikata, ta ja ni silima.
Ƙanƙara a titi, sandata na zamewa.
Ta sayi gugguru kamar mai ciyar da unguwa,
ta ce, "Kaka, yau za ka ga ɗanka."

Na gan shi.
Ƙirji kamar ƙofar gareji,
baƙin sulke, murya daga ƙasan rijiya.
Jakar wasiƙu ta zama bindiga mai aman shuɗiyar wuta,
ya huda sama da ita,
wai duniya kaf zai hallaka.
Duniya! Wa ya taɓa yi wa duniya kuka?
Nawa mugun, gida mai lamba goma sha huɗu ya sani,
da sunan matar da ke ciki,
da ranar da take sa ran amsa.

Can suka koma baya, suka nemo masa uzuri:
wai uba ya dake shi, wai karensa ya mutu a ruwan sama.
Goge na ta kuka a bayan fage,
matar da ke gefena na share hawaye.
Haba!
In ka san abin da ya ɓata wa maciji rai,
ai ka daina tsoron ciyawa.

Har na fara gyangyaɗi.
Sai ga shi shi kaɗai, an cire masa sulke,
ba kiɗa, ba wuta, kwan fitila ɗaya.
Ɗan wasan ya ɗauki ambulan,
ya lashi babban yatsa, ya shafi bakin takardar,
bai buɗe ba.
Ya sa a aljihu, ya dafa.

Numfashina ya tsaya.
Shafi na tara, fitowa ta biyu, kusurwar ƙasa.
Wani ya duba. Wani ya gani.

Sunana ya zo a ƙarshe, ƙanana kamar ƙwayar gero,
bayan direbobi da masu dafa abinci:
Wendell Hruska.
Imogen ta tafa ita kaɗai, masu shara na jiran mu tashi.
A mota ta ce, "To, yaya?"
Na ce, "Awa biyu da rabi nasu ne,
daƙiƙa uku nawa."
Ta yi dariya, ta ƙara zafin hita.

Ban gaya mata inda na samo yatsan ba.
A aljihun teburina, ƙarƙashin busassun alƙaluma,
akwai ambulan mai hatimin Oregon,
da sunan ƙanwata Dolores a kai.
Ta jira shi damina biyu, sannan ta daina tambaya.
Ni ma ban buɗe ba.
Ba wanda ya dake ni. Ban taɓa kiwon kare ba.