Lif Ɗin Baya

A gininmu na Recife lif biyu ne:
na gaba mai madubi da ƙamshin turare,
na baya na kwandon shara da tukunyar gas,
da masu aikatau, da kare in ya jiƙe.
Ba a rubuta ba. Ba sai an rubuta ba.

Ran Talata ɗana Edmilson ya dawo daga jami'a,
jaka a kafaɗa, mabuɗin gidanmu a aljihu.
Sabon mai gadi ya dube shi sama da ƙasa,
ya nuna masa baya da haɓa.
Yaron bai ce uffan ba. Ya hau tare da shara,
hawa tara yana kallon takalminsa.

Da dare na ƙwanƙwasa wa Odete,
maƙwabciyata ta shekara goma sha huɗu,
fara sol, mai ciwon gwiwa, mai yawan dariya.
Ta tura ƙofa, ta murza makulli,
ta ɗora gahawa, ta yanko wainar rogo,
sannan bakinta ya buɗe
kamar famfon da aka daɗe ba a murɗa ba:
ruwan farko ja, mai tsatsa.

Ta ce, Neusa, a gidanmu akwai wani kofi,
na roba, shuɗi, can ƙarƙashin wurin wanke-wanke,
na Cida ne, wadda ta goya ni ta yaye ni.
Uwata ba ta taɓa faɗin dalili ba,
ni ma ban tambaya ba, don na sani.
Ta ce, har yau in na hangi baƙin saurayi da magariba
hannuna yakan riga ni isa kan jakata.
Ta yi kuka. Na miƙa mata tsumma.
Ni da aka yi wa, ni ce mai lallashi.

Ran Juma'a aka yi taron mazauna gini
a zauren ƙasa, kujerun roba, fanka na gurnani.
Bayan batun fenti da kuɗin ruwa
na miƙe na faɗi abin da aka yi wa ɗana.
Valdemar na hawa na biyar ya gyara tabarau:
"Haba, a ƙasar nan? Ai duk gauraye muke,
ni kaina kakata..."
Nan kowa ya tono kakarsa daga kabari
ya tsayar da ita shaida.
Na waiwaya wajen Odete.
Tana duba faratanta
kamar yau aka ba ta su.

Aka ce rashin fahimta ne. Aka koma kan fenti.
Masu rinjaye suka zaɓi fari.

A matakala ta kamo hannuna, murya ƙasa-ƙasa:
"Kin san ina tare da ke."
Na sani. A kicin. Da makulli a murɗe.
Gaskiyar da ke kama mura in ta sha iska,
wa za ta tsaya wa a rana?

Sai dai laifi tudu ne.
A daren nan, ina juya kifi a mai,
na ji bakina yana gaya wa Edmilson
wai 'yan Venezuelan nan masu kwana a bakin danja
sun cika mana gari, hannunsu ba ya zama wuri ɗaya.
Ya ajiye cokali, ya ɗago,
ya yi mini irin kallon da na yi wa Odete.
Na saci ido na duba taga, ko a buɗe take.
A rufe take. Na ji sanyi a raina,
sannan na ji kunyar sanyin.

Gobe da safe lif ɗin gaba zan hau.
In Odete ta shigo da gwiwarta mai ciwo,
madubi zai jera mu, mu biyu, hawa tara,
ba gahawa, ba makulli.
Ban san wadda za ta fara sunkuyar da kai ba.