Akwati Mai Baki Takwas

A saman silin na shagon Alhaji Ashiru, cikin Kantin Kwari,
inda zafi ke gasa gizo-gizo a kan saƙarsa,
na ɗaure wani ɗan akwati ruwan toka, bai kai faranti ba.
Bakinsa takwas, ko ɗaya bai taɓa yin magana ba,
sai ƙifta ido kore shar, kamar mage a bayan murhu.

Alhaji ya ce, Nafi'u, ina soket ɗin kyamarar?
Na ce babu.
Ya ce to me za ta ci?
Na ce waya ɗaya ce, Alhaji, shuɗiyar nan,
ita ke kai mata tuwo, ita ke dawowa da labari,
kamar yaron da aka aika maƙwabta da kwano
ya dawo yana faɗin har abin da ke ƙarƙashin gadonsu.

Baki na farko na ba idon da ke kan aljihun kuɗi.
Na biyu ƙofa, na uku dilolin shadda
da har yanzu suke warin jirgin ruwa.
Wayar tebur ta sha nata, yaran shago suka sha intanet,
na takwas kuwa na ja shi can baya,
lungun da ke zarnin kwata,
inda Baba Ɗanlami ke shimfiɗa kwali.

Shekara ashirin da shida yana gadin layin nan
da gora, da tocila mai batir uku, da tari.
Shi ya riƙe mini tsani.
Daga ƙasa ya ce, yaro,
wannan ne zai ci albashina?
Waya na bakina, ban amsa ba,
na kuma gode wa wayar.

Akwatin nan ba sakarai ba ne, yana jin umarni.
Na buɗe cikinsa a kwamfuta, na ce Alhaji,
in an ɗauke wuta, batir ya fara haki,
abincin ba zai ishi takwas ba.
Wa za a fara cire wa hannu daga kwano?
Bai ɗago daga kalkuleta ba, ya ce lungu.
Wa zai rage ƙarshe?
Ya ce, har sai ka tambaya?

Na rubuta yadda ya ce.
Na karɓi kuɗina, na hau Adaidaita zuwa Kurna,
na ci abinci, na yi isha'i, na kwanta,
na tashi.

Ni na san aljihun nan.
Ƙarfe shida ake kwashe shi a kai banki,
ba ya kwana da komai sai rasit da kyauron ɗaure kuɗi.
Rasit ba ya tari.
Rasit ba ya faɗuwa a bakin kwata a rasa mai gani.

Daga kan katifata na shiga akwatin,
na mayar da na takwas na ɗaya.
Dannawa biyu ce, ko ƙara ba ta yi ba.

Uku saura na dare wuta ta tafi.
Ina kallo a wayata idanu suna rufewa,
shadda ta shiga duhu,
ƙofa ta bi ta,
aljihu ya daɗe yana kallon rasit, shi ma ya haƙura.

Saura ɗaya.
Ga shi nan, fari da baƙi, ya tsuguna da buta,
yana wanke ƙafar hagu a hankali, don ita ce mai ciwon.
Ya gama, ya ɗaga kai,
ya haska tocila a idon kyamarar
kamar yadda yake haska baƙon fuska.
Ya daɗe.
Sannan ya gyara kwalinsa ya fuskanci gabas.

Gobe Alhaji zai duba, ko ba zai duba ba.
In ya kira, zan ce zafin silin ne.
Kowa a Kwari ya san zafin silin.