Kafin Ka Bar Dawanau

Lurwanu, kashe injin, zo ka zauna.
'Yan dako sun gama jera ridi,
tamfol ya ɗauru, shayin Ilu bai huce ba.
Akwai magana tsakanina da kai.

Kano ta shagwaɓa ka, yaro.
Ƙasa ce kwance kamar faifai.
Daga nan har Mariri ba tudun kirki
sai gada, ka hau ka sauka kafin ka gama hamma.
Wanda ya koyi tuƙi a kan faifai
bai san kaya na da ƙafafu ba.

Gobe war haka kana bakin Hawan Kibo.
Buhunan nan da suka yi lamo a bayanka
can za su farka,
su dafa ƙeyarka gaba ɗaya,
kowanne yana son ya riga ka isa ƙasa.

To, tsaya tun a sama.
Sauko, zaga ta, ƙwanƙwasa tayoyi,
sa kunne ko iska na tsiyaya,
dubi allura ta cika.
Giyar da za ta iya hawa da kai, ita za ta sauke ka,
ko ma ta ƙasa da ita.
Zaɓe ta kafin hancin mota ya sunkuya,
ba a sauya doki a tsakiyar kogi.

Bar injin ya yi ta gurnani, aikinsa ke nan.
Birki kuwa kamar bashin maƙwabci ne:
karɓi kaɗan, ka mayar, ka bar shi ya huta.
In ka kwanta a kansa zai yi zafi,
in ya yi zafi zai yi ƙauri,
ranar da ka fi bukata ka taka ka ji fayau.

Na bayanka za su cika ka da oda.
Su yi.
Ba su za su kai gaisuwa gidanku ba.

Ka san Hambali? Ina za ka san shi.
Tare muka yi karen mota a Ƙofar Ruwa.
Ya sake ta a firi don ya rage galan guda,
wai zai saya wa 'yarsa takalmin makaranta.
Ina bayansa.
Fitilun birkinsa jajur, ba su ƙifta ba,
kwana ɗaya, kwana biyu,
a ta uku ban ƙara ganinsu ba.
Har mako ya zagayo mutanen wurin na tsintar wake a ciyawa.
Takalmin, ni na saya.

Sha shayinka.

Idona ya daina raba kwalta da dare,
shi ya sa makullin ke hannunka.
Ungo wannan weji, icen ƙirya ne,
ya girme ka, bai taɓa gudu ya bar taya ba.

Kada ka kira ni kana kan gangare.
In ka isa ƙasa, ka faka, ka shaƙi iska ba ƙauri,
sannan ka kira.
Ina nan kan bencin Ilu,
wayar na aljihun gaba.