Reyal Dubu Biyu da Ɗari Uku

Wata bakwai ina kai wa mutane abinci a kan babur,
daga Mooca zuwa Pinheiros, ruwa na dukan hular kwano.
Abin da na tara a gwangwanin madara
reyal dubu biyu ne da ɗari uku.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa, ko sisi bai ƙaru ba,
kuɗi ba ya haihuwa don an bar shi ya kwana.

Jucélia ce ta rubuta jerin kayan
a bayan takardar kuɗin wuta.
Shekararta goma sha huɗu.
A shagon wasa da awa ake biya,
kullum lokacinta kan ƙare tana gab da cin nasara,
ta dawo gida ba ta yi wa kowa magana.

Ranar Asabar muka shiga titin Santa Ifigênia.
'Yan kamasho sun yi mana caa,
wannan ya ja riga, wancan ya cusa takarda.
Muka tsaya a rumfar Dona Neuza,
wadda faɗinta bai wuce ƙofar banɗaki ba,
ta duba jerin, ta dube ni, ta ce in zauna.

Katin hoto sabo? Shi kaɗai zai lashe gwangwanin.
Ta zaro wani na hannu daga ƙarƙashin kanta,
na wani mai haƙar kuɗin intanet ne,
shekara biyu yana aiki bai rintsa ba.
Ta jona shi minti ashirin,
ta kara bayan hannu kusa da fankarsa
kamar mai duba zazzaɓin jariri.
Ta ce, ya gaji, amma bai yi ƙauri ba,
in ya mutu cikin wata uku, ka dawo, ka san suna na.

Firosesa muka ɗauki na shekaru huɗu baya,
tsoho ne, amma bai fara ɗingishi ba.
Ram kuwa, na ce sanda ɗaya mai sha shida.
Jucélia ta ce biyu masu takwas-takwas,
ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Dona Neuza ta yi dariya har gilashinta ya zame,
ta ce yarinyar nan ta fi yayanta tunani, na gani tun ɗazu,
ni dai na yi shiru, kunya ta cika idona.

Sai na hango akwati mai bangon gilashi,
fitilu na zagaye ciki, ja, shuɗi, kore.
Na miƙa hannu ga wani akwatin wuta marar suna
na reyal tasa'in, don rarar ta sayi ƙyalƙyalin.
Ta buge min yatsu.
Araha ba ta ado, in ji ta,
wannan ne zai kwashe maka wata bakwai a daƙiƙa ɗaya,
ka tashi ka tarar da komai ya ƙuna.

Muka sayi mai suna.
Akwati kuma tsohon na ofis, launin ƙasa,
da lambar wani banki manne a gefensa.
Reyal talatin da takwas suka rage.
Muka sha ruwan rake a tsaye, ragowar ta tafi a jirgin ƙasa.
Sikirin babu. Talabijin ɗin Mama zai yi,
bayan ta gama kallon wasanta na dare,
haka aka yanke tun da rana.

A teburin kicin muka haɗa, tsakanin albasa da tukunyar wake.
Na danna. Fanka ta juya.
Allo baƙi ƙirin.
Cikina ya ɗuri ruwa, na tuna kowane tudu na garin nan,
kowane bene da na hau da kwalin wani.
Jucélia ba ta ce uffan ba.
Ta zare sandar ram, ta hura, ta mayar,
ta danna da babban yatsa har ya ce ƙas.

Haske ya cika bangon kicin.
Ta ja kujera ba tare da ta waiwayo ba,
ta ce, Dalvan, yau wa zai ce lokacina ya ƙare?
Mama daga ɗaki ta ce, ni ce, ƙarfe sha ɗaya.
Na ɗauki hular kwano, oda ta shigo daga Tatuapé,
na sauka bene ina jin ƙarar harbinta a bayana.